Awon Kan Malam

Aikin da Malam ya ɗora mana ni da Dogo a shekararmu ta ƙarshe a sashen hoto na asibitin koyarwa ba mai wuya ba ne, mai cin rai ne kawai. Za mu zauna gaban kwamfuta mu yi ta auna kawunan mutane masu lafiya, ɗaya bayan ɗaya, har sai mun iya cewa ga yadda kan lafiyayyen babba yake a cikin mutanenmu. Littattafan da muke karantawa duk kawunan mutanen wasu ƙasashe aka auna aka rubuta, Malam kuwa ya ce ya gaji da gwada wa jama'arsa hular da aka ɗinka wa wani.

A tsakiyar ƙwaƙwalwar kowa akwai 'yan ɗakuna da ruwa ke zama a ciki. A hoton sikan, wato hoton cikin kai da inji yake ɗauka, baƙaƙe suke fitowa, biyun da ke gaba sun buɗe gefe da gefe kamar ƙahonin ɗan maraƙi, shi ya sa ma ƙahoni muke ce musu. Sai mu ja layi daga bakin ƙaho ɗaya zuwa bakin ɗayan, mu ja wani daga bangon ƙoƙon kai zuwa ɗaya bangon ta ciki, mu ga kashi nawa na farkon ya ci a cikin na biyun. In bai kai talatin cikin ɗari ba, lafiya lau. In ya haura, to ɗakunan sun yi girma, sai a nemi dalili.

Ba lafiyayyu muke kamowa mu cusa a inji ba, doka ba ta yarda ba. Tsofaffin hotuna ne na waɗanda suka zo da ciwon kai, ko suka faɗo daga babur, aka duba aka ce su tafi gida ba komai. Malam da kansa yake zaɓo su. Ya goge sunaye, ya bar mana lamba da shekaru da ko namiji ne ko mace. Dokarsa ɗaya ce kuma ba ta lanƙwasuwa: in auna ni kaɗai, Dogo ya auna shi kaɗai, kada wani ya leƙa na wani. In awonmu ya zo kusa da juna, hoton ya wuce, ba wanda zai ƙara waiwayarsa. In ya saɓa da yawa, ranar Alhamis Malam zai zauna ya auna da hannunsa muna tsaye a bayansa, abin da ya samu shi ne magana. Dogo yana kiran wannan zama kotu. Ni kuma Lauya Malam yake ce mini, don ban taɓa shiga kotun na yarda ni ce na yi kuskure ba sai an nuna mini.

Ɗakin da muke aikin ba shi da taga. Fitila a rage, allunan kwamfuta uku a jere, na'urar sanyi tana ta aiki kamar an aiko ta ɗaukar fansa, ga butar shayi a kan kabad ɗin da tsofaffin finafinan hoto suke ruɓewa. Kujerar Malam ce kaɗai mai hannuwa. A cikinta ya koya mana duk abin da muka sani. Ba ya ɗaga murya. In ka ja layi ka ɗan kauce don lambar ta yi kyau, sai ya ce, "Layi bai san mutum ba," ya goge ya miƙo maka ka sake.

Yana da wani ɗan rami a ƙashin kansa, sama da kunnen hagu. Wai yana ɗalibi fankar sama ta tsinke ta faɗo masa. Duk sabbin ɗalibai sai ya cire hula ya sa sun taɓa wurin da yatsa, ya ce ta nan karatu ya samu ƙofar shiga, wanda ba shi da irinta sai dai ya dage. Na taɓa ramin nan a makona na farko, ina ta jin kunya, kowa yana dariya.

To a shekarar da nake ba da labari, tafiyar Malam ta canza. Mutumin da a da sai dai ka bi shi da sassarfa a baranda ya koma jan ƙafa, taku gajeru, ƙafafu a ware, kamar an shafa wa daɓen gam. In zai juya sai ya yi ta a hankali, kashi-kashi. Ya fara tashi tsakiyar bayani ya nufi banɗaki, wani lokacin ya dawo da wani wandon ba wanda ya fita da shi ba. Ya daina tuƙi. Matarsa, da duk sashen muke ce wa Mama, ita take kawo shi da safe, ta ajiye masa wata ƙaramar jaka a bayan ƙofar ofis. Sau biyu ya tambaye ni abu ɗaya a zama ɗaya.

Mu fa likitoci ne. Jan ƙafa, riƙe fitsari ya gagara, mantuwa ta fara: ɗalibin aji huɗu ma ya san abin da ake fara nema, ruwa ne yake taruwa a waɗancan ɗakuna. Ya kuma san cewa ciwo ne da ake yi wa aiki, a sa siririn bututu ruwan ya riƙa sauka, mutum ya miƙe, in dai ba a bari ya daɗe ba. Amma sashe guda cike da masu karatun hoto, kowa ya zama makaho. Wannan ya ce gwiwa ce, wancan ya ce gajiya. Wata rana ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, wani sabon likita ya kai hannu zai tare shi, Malam ya dube shi kallo ɗaya, yaron ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta. Daga ranar ba wanda ya ƙara gwadawa. Abin yana ba ni haushi, kuma ni ma ina cikin masu yin shirun.

Ranar wata Litinin na buɗe hoto mai lamba ɗari da sha huɗu. Namiji, shekara sittin da uku. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, tun kafin in ja layi na ga ƙahonin sun kumbura, bakinsu ya yi zagaye maimakon tsini. Da yake hoton yanka-yanka yake zuwa, daga gindin kai har ƙoli, na gangara ƙasa na hau sama. Can ƙoli, inda ƙwaƙwalwar dattijo ta saba sakin jiki ta bar gurabe, wannan a matse take. Na ce a raina, wannan kuma wa ya jefo shi cikin masu lafiya? Na ja layina na samu talatin da shida.

Ina shirin rubutawa na ce bari in duba ƙashi, ko an taɓa yi wa mutumin aiki. Na canza hasken hoton, ƙoƙon kai ya fito fari tas. Sama da kunnen hagu ga ɗan rami nan, tsoho, bakinsa ya warke sumul, daidai faɗin kan yatsa.

Ban rubuta komai ba. Na tashi na zuba shayi na bar shi ya huce a kofi. Daga nan na sauka ɗakin inji wajen Injiniya, dattijon da ke ɗaukar hotunan tun ana wanke su a ruwan magani.

"Injiniya, a 'yan watannin nan ka ɗauki wani hoto da ba a rubuta a layin marasa lafiya ba?"

Bai ɗago daga goge gadon injin ba. "Likita, ni mai danna maɓalli ne. Wanda ya kwanta na ɗauka, wanda ya tashi na ce Allah ya ƙara sauƙi."

"Ko da mai gidan ne ya kwanta?"

Ya ninke tsumman ya ajiye. "Kowa da kansa ɗaya yake zuwa," in ji shi. "Ki gaida mutanen sama."

Amsar ta ishe ni. Ba mai zaɓar hotunan nan sai Malam, ba mai ba su lamba sai shi. Da hannunsa ya goge sunansa ya jefa kansa cikin tulin.

Da na koma sama na tarar da Dogo ya rufe ƙofa ya jingina da ita. Dogo mutum ne mai taushin zuciya, irin wanda in zai gaya wa mara lafiya mugun labari sai ya riga shi hawaye. Shekara huɗu muna tare bai taɓa tambayata awona ba.

"Lauya, kin kai ɗari da sha huɗu?"

"Ka san doka."

"Na sani. Kin kai?"

"Na kai."

Ya zauna a bakin tebur. "Ni ashirin da tara na samu."

"Da wane ido?"

"In kika hau yanka ɗaya sama, kika ja layin ta ciki kaɗan, zai ba ki."

"In na rufe ido ma zai ba ni ashirin."

"Ki saurare ni. In ke ma kika kawo kusa da nawa, shi ke nan, ya wuce cikin masu lafiya, ba kotu. In kika saɓa, ranar Alhamis za a zaunar da mutumin nan ya auna kansa da kansa muna tsaye muna kallo. Kin yi tunanin wannan? Malam fa. Kuma magana ba ta kwana a asibitin nan, kafin wata ya mutu manyan asibiti sun karɓe masa karatun hoto sun ce ya je ya huta. A bar kaza cikin gashinta, don Allah. Mu samu Mama a gefe mu yi mata magana a hankali."

"Wata nawa muna cewa za mu samu Mama a gefe?"

Ya kau da kai.

"Ya sa kansa a ciki ne don a faɗa masa," na ce.

"Ko kuma don a ce masa lafiyarsa ƙalau. Ke kin san wanne yake so?"

Ban sani ba, gaskiya. Wannan tambayar ce na tafi da ita gida.

Maigidana malamin lissafi ne a sakandare. Na same shi a falo yana duba aikin 'yarmu, tana ta goge amsa da yawu yana hana ta. Da ta shiga ciki na ba shi labarin ba tare da na ce wane ne ba. Na ce akwai mutumin da in na rubuta gaskiyar lambarsa zan kunyata shi gaban yaransa, in na rage kuma zai ci gaba da lalacewa a tsaye.

"Lambar nawa ce?" in ji shi.

"Talatin da shida."

"To ai talatin da shida ce."

"Kai komai a wajenka allo ne da alli."

"Da za ki rage ai da ba ki gaya mini ba, Likita. So kike in ce ki rage ki samu wanda za ki yi wa faɗa." Ya ɗauki jan bironsa. "Malam ne ko?"

Na ji haushinsa ƙwarai, don bai bar mini wurin tsayawa ba. Na shiga kicin na yi ta buga tukwane ba dalili.

Washegari da safe na haɗu da Mama a baranda ta fito daga ofishinsa. Mace ce mai tsare gida, ba ta zama hira da mu, gaisuwa ce kawai ta wuce. Ranar sai ta riƙe hannuna.

"'Yata, ku da kuke tare da shi kullum, yaya kuke ganinsa?"

Bakina ya buɗe zai ce gajiya ce, don ita ce amsar da ta zauna a harshen kowa. Na haɗiye ta. Na ce, "Mama, ke yaya kike ganinsa?"

"Ni na yi magana har na gaji. Ya ce shi ne likita ko ni? Wanzami dai ba ya son jarfa." Ta saki hannuna ta gyara mayafi. "Jiya a tsakar gida ya tsaya, ƙafar ta ƙi tashi. Ina kallonsa ta taga. Ban fita ba, don na san in na fita ba zai yafe mini ba."

Da ta tafi na shiga ɗakinmu na buɗe hoton. Na sake aunawa yadda aka koya mini, a yankan da ƙahonin suka fi faɗi, layi a bakin baƙi daidai inda fari ya fara. Talatin da shida. Na rubuta na tura. Ban ji wani sanyi a raina ba, ji na yi kamar na mari ubana.

Ranar Alhamis Malam ya shigo da takunsa gajeru, ya dafa hannun kujera ya zauna. Hotuna uku ne a kotu. Na farko wata mata ce, Dogo ya yi daidai ni na kauce, Malam ya ce, "Lauya, yau ba gardama?" Na ce babu. Na biyu mu duka muka kauce, ya yi mana dariya. Sai ya duba takardar gabansa.

"Ɗari da sha huɗu. Ɗaya ya ce ashirin da tara, ɗaya ya ce talatin da shida." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Wannan ba saɓani ba ne, kawuna biyu kuka auna."

Hoton ya buɗe a allon tsakiya. Dogo ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Ni na kafa ido a kan hannun Malam. Ya gangara yanka-yanka ba gaggawa, ya wuce wanda Dogo ya zaɓa, ya tsaya a inda ƙahonin suka fi buɗewa. Ya sa ɗigo a bakin na dama. Da ya zo na hagu hannun ya tsaya, ɗigon yana ɗan ciki da inda ya kamata. Na ga haka, na san shi ma ya gani. Ya ja numfashi ya tura shi waje zuwa bakin gaskiya. Ya ja layi na biyu bango zuwa bango. Lambar ta fito a ƙasan allo, talatin da shida da ɗan ɗoriya.

Ya daɗe yana kallonta. 

"Me za ki ce a kan wannan kai, Lauya?" Muryarsa irin ta kullum ce, ta koyarwa.

"Ɗakunan sun yi girma, Malam. Ƙoli a matse yake, ba motsewar tsufa ba ce. In mai shi yana jan ƙafa, ruwa ne."

"Yana ja."

"To a tura shi wajen masu tiyatar ƙwaƙwalwa. Su zuƙi ruwa kaɗan ta gadon baya su ga ko tafiyar za ta gyaru. In ta gyaru a sa masa bututu."

"Yaushe?"

"Da an yi tun watannin baya da ya fi."

Ya gyaɗa kai kamar na ci jarrabawa. "A cire shi daga cikin masu lafiya, kada ya ɓata mana lissafi. Ki rubuta masa takardar turawa yau, ki kai wa Mama in ta zo, ita ta san ranar da ya dace."

Sai ya juya kujerar ya fuskance mu. Ban taɓa ganin fuskarsa a gajiye haka ba, tausayinsa ya kama ni.

"Na auna shi ni kaɗai a ofis ban san iyaka ba," in ji shi. "Kullum sai hannuna ya yi mini alfarma. Ashirin da tara nake samu, wani lokacin talatin cif. Na ce bari in ba waɗanda ba su san mai shi ba." Ya kai yatsa ya taɓa sama da kunnensa na hagu, ya ɗan yi murmushi. "Na manta na sa duk duniya ta taɓa wurin nan."

Dogo ya buɗe baki. "Malam, ni dai..."

"Na san yankan da ka hau. A nan nake hawa ni ma." Bai faɗa da zafi ba. "Da ku biyu kun hau shi, da na yarda da ku, don abin da nake son ji ke nan. Kada ka ƙara yi wa wani."

Ya kashe allon. Ya dafa hannuwan kujera ya miƙe, ya tsaya a tsaye, ƙofa tana gabansa taku kaɗan. Ƙafar dama ta yi yunƙuri ta ƙi barin ƙasa. Ya sake, ta ƙi. Mu biyu muka tsaya a inda muke, hannuwa a gefe, yadda duk sashen ya koya a shekarar nan.

Malam ya dubi ƙafafunsa, ya dubi Dogo, ya miƙa masa hannu.

"Kai mai tausayi," ya ce, "zo ka kama ni."